Wasiƙar da Babu Kuskure a Cikinta

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu aiki tun da fari. In wawan labarin nan yake nema, kada ya wahalar da idonsa, ga shi nan riƙe da alƙalami. Aji huɗu na yi a firamare a Argungu. Na sa ƙafa ɗaya a na biyar sai ruwa ya cinye mana shinkafa, Baba ya ce gona ta fi hedimasta bukatata. Da wannan aji huɗu da ɗoriya na ci duniya, kuma shi ne ya juyo ya ci ni. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana da hankalin tambaya. Wanda ya yi karatu mai zurfi yana da hankalin yin shiru. Mu na tsakiya mu ne masu gyara wa likita rubutu.

A lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, ko tsintsiya za a saya a ofis sai takarda ta je can ta dawo. Ni ne mai ɗaukar takardun. Masinja nake a wani ofishin aikin gona, da kakina, da keken gwamnati mai ƙararrawar da ba ta kuka, da jakar fata a kafaɗa. Duk wasiƙar da ta bi ta hannuna ba a liƙe ba sai na leƙa ta. Na lura kusan dukkansu da magana ɗaya suke farawa: I am directed to inform you. Ban san kanta sosai ba, amma na san nauyinta, domin na ga manya suna gyara zama in sun karanta ta.

A Nasarawa, a kwanar da nake bi in koma gida, akwai wata Bayarabiya mai tireda, matar wani tela. Ta yi koyarwa a garinsu kafin aure ya kawo ta nan, kuma Hausarta ta Kabi ce tsantsa, in tana bayan labule ba ka ce baƙuwa ce ba. Ni ina ce mata Malama. Ita kuma tana ce mini Akawu, tana sane sarai cewa ni ba akawu ba ne, ni kuma ina amsawa ba tare da na gyara mata ba. Bayan an tashi daga aiki nakan tsaya in sayi sukari, in jefa mata Turanci ɗaya ko biyu don ta san da wa take ciniki.

Ran nan ta ajiye mudun da ke hannunta ta ce, "Akawu, Turancin ga naka awa akuyar da ta tsinke igiya, ko'ina shina sa baki. Zamna in ɗaure maka shi."

Ta yago gefen kwalin sabulu, ta ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, kwali ya zama gida uku. A gidan farko ta jera masu so: I want, he wants, Father wants, we hope. A na biyu ta jera ayyuka, kowanne da ɗan to a gabansa: to go, to wait, to talk, to sit. A na uku ta jera inda aikin zai sauka: to the market, for the lorry, with my friend, to you, about the farm.

Ga ilimin nan kyauta ga duk mai so, ni sukari na saya kafin in same shi. A Turanci aiki kamar jaki ne mai kaya. Akwai ɗan ƙaramin to da ke jan igiyarsa a gaba, akwai kuma wata 'yar kalma a bayansa da ke nuna inda za a sauke kayan, ko wanda za a kai wa. Kuma kowane jaki da mai korarsa. In jira za ka yi, for ne ke bin ka. In magana ce, tana ɗaukar biyu, to na wanda za ka yi wa, about na abin da za ku tattauna. Ka ɗauko ɗaya daga kowane gida, ka jera su, sai ka ga magana ta miƙe tsaye da ƙafarta kamar ɗan Bature ne ya haife ta.

Wallahi sai na ji kamar an ba ni makullin baitulmali. Ina tuƙa keke ina jerawa. Na so zuwa kasuwa, na jira mota, na zauna da abokina, duk a bisa sirdi tsakanin ofis da gidan waya. Na kai abin har gida. Na ce wa matata I want to eat with my friend, ta ce in da ita nake in yi magana irin ta mutane, tuwo ba ya jin Turanci. Kwalin nan na naɗe shi a leda, ya zauna a aljihun kirjina inda wasu ke sa laya.

To, ina da wa guda ɗaya, shi ne ɗan fari a gidanmu. Saboda kunyar ɗan fari, Inna da Baba ba su taɓa kama sunansa ba. Da yana gida wancan suke ce masa. Da ya bar gida sai ya koma mutumin Badun, domin a can ƙasar Yarbawa yake sayar da albasa. Ba da daɗi ya tafi ba. Muna da fadama a bakin gulbi wadda Baba ya gada. Yaya ya so a riƙa sa albasa a tudunta da rani, Baba ya ce ƙasar ubansa shinkafa ta sani. Magana ta ja magana, har Yaya ya ce, "To, ka ci gonarka." Washegari ya hau motar albasa. Shekara shida yana aiko da atamfa da goro duk Sallah, yana aiko da gaisuwa a bakin direbobi, amma ƙafarsa ba ta taka Argungu ba. Baba kuwa yakan karɓi goron, ya juya shi a hannu, ya ba maƙwabta.

Yaya bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Ajami kuwa yana karanta shi kamar ruwa, ni ma ina rubuta shi daidai gwargwado. A riƙe wannan, domin nan ne wautar take kwance.

Bayan an yanke shinkafa a wata shekara, aka aiko mini cewa Baba ba ya jin daɗi. Ranar Asabar na shiga mota na tafi Argungu. Na same shi a kan tabarma a ɗakin Inna, ƙafafunsa sun kumbura har fata tana ƙyalli, numfashi yana fita da ƙyar. Mutumin da ke ɗaga buhun shinkafa shanshera shi kaɗai, ga shi sai an tallafe shi ya sha kunu. Yana kallon rufin ɗaki ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zancen gonag ga da munka yi da mutumin Badun, ban son in tahi da shi."

Inna ta ja ni zuwa gindin turmi. Ta ce in ɗauko takarda.

"Ka gaishe shi. Kak ka sa zancen ciwo, kada gabanai shi hwaɗi bisa hanya. Ka rubuta mashi wagga kaɗai: in takardag ga ta iske ka tsaye, kak ka zamna. In ta iske ka zamne, tashi."

Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san wannan magana. Ba a rubuta ta don biki, ba a rubuta ta don rikicin gado. Ma'anarta ɗaya ce: akwai wanda ke kwance, kuma ba a sa ran tashinsa. Mutum in ya ji ta, ko cokali ne a bakinsa ajiyewa yake ya nemi takalmi. Kuma uwar da ba ta iya kama sunan ɗanta, in har ta buɗe baki ta aika masa da wannan, ta gama faɗin duk abin da ke cikinta.

Na zauna a zaure da takarda a kan gwiwa. Layi biyu ne na ajami, da na gama kafin a tafasa ruwa. Amma sai Shaiɗan, wanda na tabbata shi ma aji huɗu ya yi, ya zauna kusa da ni. Ya ce mini, wasiƙar nan fa Kudu za ta je. Ya ce, can kowa ɗan boko ne, suna kallon 'yan albasa kamar buhunan da suke zaune a kai. Ya ce, in ta je da Turanci dole Yaya ya kai wa wani ya karanta masa, wannan kuwa zai ɗaga kai ya ce, ashe kuna da mai ilimi a gidanku? Ya kuma tuna mini ranar da Yaya ya ce karatuna bai kai ya karanta lambar mota ba. Na zaro kwalina.

Na nemi maganar Inna a gida ukun nan, sama da ƙasa. Ga to sit yana nan zaune lafiya. Amma babu in, babu kada, babu inda za a sa takardar da ke iske mutum a tsaye. Na juya kwalin, baya sai hoton sabulu. Mai hankali a nan zai mayar da kwali aljihu. Ni sai na ce, ai ba lallai sai da kalmomin tsohuwa ba, ma'ana ake so. Baba yana son ganinsa, kuma a kan gona ne, da kunnena na ji. Ba ƙarya zan yi ba. Na ɗauko ɗaya daga kowane gida.

Na fara da I am directed to inform you, saboda a san daga ofis nake. Sannan na rubuta: Father wants to talk to you about the farm. Na ƙara da cewa Inna tana son ta ji daga gare shi. Na rufe da we hope to hear from you, yadda manyan takardu ke rufewa. Na sa hannu mai lanƙwasa uku.

Inna ta leƙo ta ce in karanta mata. Na ɗaga takardar, na sa yatsa a kan layi, na maimaita mata maganarta kalma bayan kalma, har da tsaye har da zaune. Ta gyaɗa kai ta ce Allah shi yi albarka. Cikin duk abin da na aikata, wannan karatun ne har yau ya fi ci mini rai in na tuna.

Ranar Litinin kafin in kai tasha sai da na biya ta tireda. Malama ta sa tabarau ta duba. Na manta ɗan to guda ɗaya a layi na biyu, ta sa mini shi da jan biro, na sake kwafewa a sabuwar takarda.

"Yanzu babu kuskure ko guda. Goma bisa goma, Akawu," in ji ta. Sai ta dube ni ta saman tabarau. "Lahiya dai tsohon?"

Na ce da sauƙi. Abin da kowa ke cewa ke nan, ko da ana haƙa rami.

Na sa ta a ambulan, na liƙe, na ba direban da ke kai wa su Yaya albasa. Shi ma ya tambaya ko lafiya, na ce harkar gida ce. Kwana uku ta isa hannun Yaya.

Baba ya yi kwana goma sha shida bayan wannan. Ɗakin Inna yana kusa da hanyar da manyan motoci ke bi, in ɗaya ta rage gudu sai ya buɗe ido. Ba ya tambaya kai tsaye. Sai ya ce, "Awa an tsaya a ƙohwa." Inna ta fita ta duba, ta dawo ta ce masu itace ne. Ya sa an ɗauko masa babbar rigarsa an rataye kusa, wai kada baƙo ya same shi a singileti. Ya hana a taɓa wata 'yar ƙwaryar sabuwar shinkafa da aka sussuka daga fadamar, ya ce akwai mai ita.

Asabar ta farko da na koma, Inna ta ce, "Ko takardar ba ta kai ba?" Na ce ta kai, direba ya tabbatar mini. Sai ta ce, "To, ashe zuciyatai ba ta huce ba." Ta ɗora laifin a kan ɗanta a gabana, ina tsaye, kwali yana aljihuna. Da na ce, Inna, bari a sake aikawa, da zancen ya ƙare. Amma sake aikawa yana nufin ta farko tana da aibi, ita kuwa goma bisa goma ta ci. Na ce wa kaina mai hankali in ya ji uba na kiransa ai zuwa yake. Na ce wa kaina wataƙila yana hanya. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya bukatar kwali, jimlolin da kansu suke jeruwa.

Asabar ta biyu na tarar Baba ya daina tambayar motoci. Ya kama hannuna, ya ɗauka na Yaya ne, ya riƙe shi da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Ya ce, "Ka sa albasar. Tudun naka na." Ban ce masa ni ne ba. Na ce to, Baba.

Daga nan ban koma ofis ba, tasha na wuce. Na sami direban nan yana ɗaure tamfol. Ban ba shi takarda ba. Na ce, ka gaya wa Yaya in yana tsaye kada ya zauna. Direban ya saki igiya ya dube ni, ya ce, "Tun yaushe?" Na juya na bar tashar.

Yaya ya ji saƙon da hantsi a tsakiyar kasuwa. Ya bar buhunansa a buɗe a hannun maƙwabci, ya hau motar farko da ta fuskanci Arewa. Ya sauka Argungu kwana ɗaya bayan mun kai Baba makwancinsa. Ya shigo da bargo sabo a leda da kwalbar man zafi, domin tun da wasiƙar nan ta zo yake tara tsarabar da zai kawo wa tsoho in ya tashi zuwa. Ya ga tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune. Ya tsaya da bargon a hannu, ya rasa wanda zai miƙa wa. Wani dattijo ya karɓa ya ajiye a gefe, ya kama shi ya zaunar.

Sai bayan addu'ar uku, da rana, mutane sun ragu, muka shiga wurin Inna mu biyu. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta juya masa gefe kamar yadda ta saba. Ta tura masa 'yar ƙwaryar shinkafar nan da bayan hannunta. Ta yi magana tana kallon bango.

"An ce wa mutum in shina tsaye kas shi zamna. Ya zamna kwana goma sha shida."

Yaya ya ɗago kai. Ya dube ta, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, domin fuskarsa ta yi wani irin sanyi. Sai ya ce, "Laihina na, Inna. Hanya ta."

Inna ta ce, "Hanya ba ta hana ka ba ran da kat tashi. Mi anka karanta maka?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, a ninke cikin tsumma mai tsabta. Ya ce wani mai kemis ne kusa da rumfarsa ya karanta masa, har ya yaba rubutun. Ya ce an gaya masa Baba yana son su yi magana a kan gona, kuma ana jiran amsarsa.

"Da nij ji gona, sai nic ce tsoho ya huce, za shi ba ni tudun. In nit taho da gudu, garin ga za a ce shekara shida bai zo gaida ubanai ba, da yaj ji ƙasa ga shi har da tuntuɓe. Nic ce in bari wata shi mutu, in zo awa gaisuwa ta kawo ni. In shi ya ɗauko zancen, to. In bai ɗauko ba, in roƙe shi gahwara in koma."

Kara ce ta zaunar da shi. Kowace safiya, in ji shi, sai ya fito da takardar ya duba ta, ko da ba ya iya karanta ta, don daɗin cewa Baba ya neme shi.

Na gaya masa abin da Baba ya faɗa yana riƙe da hannuna. Ya rufe fuska da hularsa. Har ya koma ga Allah shekaru da yawa bayan haka bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, kuma bai taɓa sa albasa a tudun nan ba. Shinkafa ya yi ta nomawa. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Inna kuwa ta juyo gaba ɗaya, abin da ba ta yi in Yaya yana ɗaki. Ni ta fuskanta.

"Abin da kak karanta mani a zaure, shina cikin takardag ga?"

Na ce ma'anar tana ciki. Na ce Turanci ba ya ɗaukar magana yadda Hausa ke ɗauka, kowane aiki da abin da ke bin sa, ba a cusa masa abin da babu gidansa. Ina jin bakina yana zuba, na kasa tsayar da shi. Har hannuna ya tafi aljihun kirji. Na ce, "Inna, wallahi malama ta duba ta da jan biro. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta, komai daidai yake."

Ta dube ni. Sannan ta gyara lulluɓinta ta koma fuskantar bango.

"Madalla," in ji ta. "Kushewar ubanka ma daidai anka gina ta."